Mai shan maganin tsinka jini zai shiga tiyata: a ci gaba, a dakata, ko a koma allura?

Mai shan maganin tsinka jini, ranar da aka ce za a yi masa aiki, ya shiga halin gaba kura baya siyaki. In ya ci gaba da sha, jini na iya ƙin tsayawa, ko a ɗakin tiyata ko bayan an fito da shi. In ya ajiye maganin, gudan jinin da ake gudu tun farko yana iya haɗuwa, ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya toshe jijiyar huhu. Hanya uku ce a gaban likita: a bar shi ya ci gaba da sha, a dakatar na 'yan kwanaki kawai, ko a dakatar da ƙwaya a riƙe shi da allurar tsinka jini har zuwa jajibirin aiki. Mutane da yawa suna ɗauka ta ukun ta fi aminci, tunda ga allura ana yi. Ga yawancin masu shan maganin kuwa ba haka ba ne.

Sai an fara sanin wane magani ake magana. A bakin mutane duk sunansu ɗaya, amma gida uku ne, kuma lissafin kwanakinsu ya sha bamban.

Warfarin shi ne tsohon hannu. Yana hana hanta yin amfani da bitamin K wajen ƙera sinadaran daskarar da jini. A hankali yake shiga, a hankali yake fita: ko an daina sha yau, sai an yi kamar kwana 5 kafin jini ya koma yadda yake. Ana auna ƙarfinsa da gwajin INR. Mai lafiyar da ba ya shan komai yana wajen 1, mai shan warfarin yawanci ana son ya zauna tsakanin 2 da 3. Gida na biyu sababbin magunguna ne: rivaroxaban da ake sayarwa da sunan Xarelto, apixaban wato Eliquis, da dabigatran wato Pradaxa. Su cikin awa 2 zuwa 4 sun kama aiki, kuma in ƙoda lafiya lau take, kwana ɗaya zuwa biyu yawancinsu ya fita daga jiki. Gida na uku su ne asfirin mai miligiram 75, irin su Vasoprin, da clopidogrel wato Plavix. Waɗannan ba sinadaran da hanta ke ƙerawa suke taɓawa ba, ƙananan ƙwayoyin jinin da ke fara toshe rauni suke kashe wa kaifi, kuma ƙwayar da suka taɓa ba ta farfaɗowa, sai jiki ya ƙera sababbi cikin kwana 7 zuwa 10. Saboda haka ranar da za ka ga likitan tiyata, kada ka tsaya a "ina shan na tsinka jini." Ka tafi da kwalin, da katin INR in kana da shi, da duk wani abin da kake sha, har na gargajiya.

Hanyar farko, wato a ci gaba da sha, ita ce ta ƙananan ayyuka inda wurin da jinin zai fito a fili yake, ana iya danne shi. Cire haƙori ɗaya zuwa uku, aikin yanar ido, yanke ɗan ƙari a fata, duba ciki da na'ura ba tare da yanka ba. A nan ne aka fi yin asarar banza: tsoho mai bugun zuciya mara tsari ya ajiye warfarin mako guda don zai cire haƙori, ya ɗauki haɗarin shanyewar jiki saboda jinin da audugar likita za ta iya tsayarwa. Abin da ya dace shi ne a auna INR cikin kwana uku kafin aikin, an fi so cikin awa 24. In yana cikin iyakarsa a ci gaba. Ƙa'idar likitocin haƙori a Birtaniya ta yarda a cire matuƙar bai kai 4 ba. A yi aikin da safe kuma a farkon mako, don in jini ya dawo a samu likita a kusa. A ɗinke ramin, a cije auduga minti 20 zuwa 30 ba tare da ana leƙawa ba, kuma likita na iya ba da ruwan tranexamic acid, maganin tsayar da jini, na riƙewa a baki. Ranar nan babu kurkure baki da ƙarfi, babu asuwaki a wurin, babu kunu mai zafi. Mai shan sababbin magungunan kuwa sau da yawa ƙwayar safiyar ranar kawai ake tsallakewa, ko a jinkirta ta sai jini ya tsaya da awa huɗu. Har wajen dasa na'urar daidaita bugun zuciya, wani bincike na 2013 ya nuna waɗanda suka ci gaba da warfarin kashi 3.5 cikin ɗari ne jini ya taru musu a wurin dashen, waɗanda aka mayar kan allura kuwa kashi 16.

Hanya ta biyu, a dakata kawai ba tare da allura ba, ita ce ta mafi yawan mutane idan aikin na buɗe jiki ne: kaba, matsarmama, cire ƙari a mahaifa, aikin mafitsara na dattawa, sauya ƙashin ƙugu ko gwiwa. Wahalarta a ƙirga kwana take, don haka mu ɗauki misali. A ce an ba Malam ranar Laraba, kuma warfarin yake sha da daddare. Ƙwayarsa ta ƙarshe daren Alhamis ɗin da ta gabata ne. Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin da Talata ba ya sha, kwana biyar ke nan cif. Ranar Talata a auna INR, ana son ganin 1.5 ko ƙasa. In bai sauka ba, likita na iya ba da ɗan bitamin K kaɗan ta baki, miligiram 1 zuwa 2, a sake aunawa da safe, ko a ɗaga aikin. Tsofaffi da masu ciwon hanta ko raunin zuciya su ne INR ɗinsu ya fi jinkirin sauka. Bayan aiki, in jini ya tsaya, ana komawa warfarin daren Larabar ko washegari, da adadin da aka saba. Ba a jin tsoron saurin komawa saboda sai ya kwana biyar ko fiye kafin ya kai ƙarfinsa.

Wannan gwaji na ranar Talata shi ne ke ɓata wa mutanen nesa lissafi. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin INR ba. Mai zuwa Katsina daga Daura, Mai'adua, Zango ko Baure ya tambaya tun ranar da aka ba shi rana: a ina za a auna, ƙarfe nawa sakamako ke fitowa, ko kuwa za a kwantar da shi tun jajibiri?

Ga mai shan rivaroxaban ko apixaban lissafin ya fi gajarta. Aikin Laraba mai ƙarancin zubar jini: ƙwayar ƙarshe Litinin, Talata hutu, a koma sha Alhamis. Babban aiki: ƙwayar ƙarshe Lahadi, Litinin da Talata hutu, a koma Juma'a ko Asabar. An gwada wannan tsari a kan mutum 3,007 masu bugun zuciya mara tsari a binciken PAUSE da aka buga a 2019, zubar jini mai tsanani bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, shanyewar jiki da makamantanta ba su kai kashi 1 ba. Dabigatran ne ke da nasa sharaɗi, domin ta ƙoda yawancinsa ke fita. In gwaji ya nuna ƙoda ta yi rauni, ana ninka hutun: kwana 2 ga ƙaramin aiki, kwana 4 ga babba. Shi ya sa gwajin ƙoda kafin aiki ba ƙarin kashe kuɗi ba ne ga mai shan waɗannan.

Kuskure biyu ake yawan yi da sababbin. Na ɗaya, a yi musu lissafin warfarin a daina mako guda, mutum ya zauna kwana biyar babu kariya a banza. Na biyu ya fi haɗari: a koma sha daren da aka yi aiki. Warfarin yana ba rauni lokaci ya kama, waɗannan kuwa cikin awa uku jini ya tsinke sarai a kan ɗinkin da bai kwana ba. Haka nan INR ba ya nuna ƙarfinsu yadda za a dogara da shi. Sakamako na iya fitowa lafiya alhali maganin na nan a jiki. Ranar da aka sha na ƙarshe da lafiyar ƙoda su ne ma'auni.

Hanya ta uku ta masu warfarin ce kaɗai, ba a yi wa masu shan sababbin. Manufarta a cike giɓin kwanakin da warfarin ya fita da wani maganin da ke saurin fita, yawanci enoxaparin, wanda aka fi sani da Clexane. A misalinmu na Laraba, warfarin ya tsaya daga Juma'a, allura ta fara safiyar Lahadi. Adadin miligiram 1 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, sau biyu a rana: mai kilo 60 sirinji mai miligiram 60 safe da dare. Ta ƙarshe safiyar Talata, awa 24 kafin aiki, ba a yin ta dare. Bayan aiki sai an jira awa 24 in ƙarami ne, awa 48 zuwa 72 in babba ne, sannan a ci gaba da allura tare da warfarin har INR ya koma mazauninsa. In ka ƙirga, allurar kan haura goma, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. A fatar ciki ake yi, nesa da cibiya da kamar yatsu uku. A tsunkuli fata, a soka a miƙe, kada a fitar da 'yar iskar da ke cikin sirinjin, kada a murza wurin bayan an zare, gobe a sauya gefe. Ba a son ta wuce zafin digiri 25, don haka a zafin bazarar Katsina ba a barin ta a mota ko kan taga, ba a kuma sa ta inda za ta ƙanƙare. Mai raunin ƙoda sosai ana rage masa, ko a kwantar da shi a sa masa heparin, wani maganin tsinka jini, ta jijiya, wanda ake kashewa awa 4 zuwa 6 kafin aiki.

To, me ya sa muka ce ba ita ta fi aminci ba? Binciken BRIDGE da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2015, ya raba mutum 1,884 masu bugun zuciya mara tsari gida biyu. Toshewar jijiya da shanyewar jiki kusan ɗaya ne: kashi 0.3 cikin ɗari ga masu allura, 0.4 ga marasa ita. Zubar jini mai tsanani kuwa kashi 3.2 ne ga masu allura, 1.3 ga waɗanda aka dakatar kawai. Wato allurar ba ta ƙara kariya ba, jini ta ƙara zubarwa fiye da ninki biyu. A wurin da sai dangi sun nemo masu ba da jini kafin a shiga aiki, wannan bambanci ba abin wasa ba ne.

Amma akwai waɗanda binciken nan bai shafe su ba, kuma a ƙasar Hausa ba su da wuyar samu. Na gaba-gaba shi ne wanda aka sauya wa bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, da na ƙarfe, musamman bawul ɗin mitral na ɓangaren hagu. Yawancinsu matasa ne da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa zuciya, INR ɗinsu tsakanin 2.5 da 3.5 ake so, kuma in gudan jini ya kama ƙarfen yana iya maƙale shi. Sai wanda bawul ɗinsa ya tsuke saboda wannan ciwon kuma bugun zuciyarsa ba tsari, da wanda ya yi shanyewar jiki cikin wata uku da suka wuce, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko huhu cikin wata uku. Waɗannan su ne mutanen allura. Ga biyun ƙarshe ma, a ganinmu tambayar farko ba ta allura ba ce: shin aikin ba zai jira ba? Kabar da ba ta maƙale ba za ta iya haƙurin wata uku, kuma jiran ya fi kowace allura rage haɗari. Mai bawul na ƙarfe kuma kada ya yarda a ce masa ya koma Xarelto ko Eliquis don sauƙin lissafi. An gwada irinsu a masu bawul na ƙarfe, sakamakon ya fi na warfarin muni. Irin wannan majiyyaci ya nemi likitan tiyata da likitan zuciya su rubuta tsari ɗaya tare, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tun makonni biyu kafin rana.

Kada a rikita wannan da ƙaramar allurar Clexane ta miligiram 40 sau ɗaya a rana da ake yi wa mutane da yawa bayan babban aiki, ko suna shan maganin tsinka jini ko ba sa sha. Ita rigakafin daskarewar jini a ƙafa ce saboda kwanciya, haɗarinta kaɗan ne, kuma sau da yawa ita ake riƙe mutum da ita a kwana biyun da bai koma ƙwayarsa ba.

Asfirin da clopidogrel ba su da hanyar allura, domin Clexane ba ya yin aikinsu. Wanda ke shan asfirin saboda ya taɓa samun bugun zuciya na toshewar jijiya ko shanyewar jiki, a yawancin ayyuka ana barin sa ya ci gaba, sai dai aikin ƙwaƙwalwa, laka da makamantansu, inda ake tsayarwa kwana 7. Wanda yake sha haka nan saboda hawan jini ko suga, bai taɓa samun komai ba, tsayarwa ba ta da wata asara. Clopidogrel kwana 5 zuwa 7 ake ba shi. Wanda aka sa wa 'yar wayar buɗe jijiyar zuciya kuwa, shi ne bai kamata ya taɓa ko ɗaya daga cikin biyun da kansa ba. A watannin farko jiki bai gama lulluɓe wayar ba, in aka janye magani tana iya toshewa farat ɗaya. Aikin da ba na gaggawa ba ana ɗaga shi zuwa wata 6 bayan sa wayar, in bayan bugun zuciya aka sa ta har zuwa shekara. In dole ne, ana barin asfirin a tsayar da clopidogrel kaɗai, da sanin likitan zuciya.

Akwai wanda ake mantawa da shi a wannan shawara, wato likitan da ke sa barci. Kaba, tiyatar haihuwa, aikin mafitsara da na ƙafa, yawanci da allurar baya ake yi. In allurar ta taɓa jijiyar jini alhali jini a tsinke yake, ɗan abin da ya taru a wurin yana iya danne laka ya kashe ƙafafu. Don haka iyakokinta sun fi tsauri: sababbin magunguna awa 72, Clexane mai cikakken adadi awa 24, mai miligiram 40 awa 12, clopidogrel kwana 5 zuwa 7, warfarin sai INR ya dawo daidai. Asfirin shi kaɗai ba ya hanawa. A misalin Laraba, mai rivaroxaban da za a yi wa allurar baya daren Asabar zai sha na ƙarshe, ba Lahadi ba. Tambaya ɗaya ta wadatar: "Likita, barci za a sa ni ko allurar baya, kuma wace rana zan sha na ƙarshe?" A rubuta amsar da sunan rana, kada a bar ta a "kwana biyar kafin nan." Bayan aiki, in ƙafa ta farfaɗo sannan ta sake yin nauyi, ko sabon ciwon baya ya taso, ko fitsari ya ƙi fita, a kira nas nan take. Awanni kaɗan ake da su.

Aiki kan ɗagu, ko don jini ya hau, ko ba a samu jinin ƙari ba, ko wani na gaggawa ya shigo. Mutum ya koma gida da sabuwar rana nan da mako uku, babu wanda ya ce masa komai game da ƙwaya, shi kuma ya ci gaba da hutu. Wannan giɓi ya fi na tiyatar kanta haɗari. Kada a bar asibiti sai an tambaya: in koma sha yau? In ɗagawar ta kwana ɗaya ce ko biyu, ana iya riƙe mutum yadda yake ko da allura. In ta fi haka, a koma magani a sake ƙirga daga farko.

Aikin gaggawa ba ya jiran lissafi. In hanji ya murɗe ko an yi haɗarin mota, abin da dangi za su taimaka da shi shi ne sunan magani da ƙarfe nawa aka sha na ƙarshe. Warfarin ana karya shi da bitamin K ta jijiya, miligiram 5 zuwa 10, amma sai ya ɗauki awa shida ko fiye. In ba za a iya jira ba sai a haɗa da ruwan jini da aka daskarar, kimanin mililita 15 ga kowane kilo. A wannan fuska warfarin ya fi sababbin, domin makarinsa mai araha ne, nasu kuwa tsada gare shi kuma samunsa da wuya, sau da yawa jiran awa 12 zuwa 24 shi ne abin da ake da shi. Mai juna biyu da ke kan warfarin ana mayar da ita allura wajen mako na 36, saboda maganin yana ratsawa zuwa jariri. Bayan haihuwa tana iya komawa warfarin tana shayarwa, sababbin kuwa ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.

Sauran ɓarnar a gida ake yin ta, bayan sallama. Ciwo ya tashi, a aika yaro kemis ya sayo diclofenac, ibuprofen ko Feldene, ko a kaɗa garin Alabukun, wanda asfirin ne mai yawa a cikinsa. Duk suna ƙara zubar jini, suna kuma cin ciki. Paracetamol shi ne na farko, in bai isa ba a koma wa likita. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake yawan bayarwa bayan aiki, irin su Flagyl, Septrin da ciprofloxacin, suna ɗaga INR, ga kuma majiyyaci bai cika cin abinci ba, wanda shi ma ke ɗaga shi. Don haka mai warfarin ya sake aunawa cikin kwana 3 zuwa 5 da komawa sha, ya ci gaba da aunawa har lambar ta zauna. Koren ganye irin alayyahu da kabeji yana da bitamin K, ba a hana ci, sai dai kada a tashi rana ɗaya a dinga ɗura wa mai jinya kwaɗon ganye safe da yamma don "ya ƙara jini" alhali da ba ya ci. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen tafarnuwa, citta da kurkum da ake sha a matsayin magani a ajiye su mako biyu kafin aiki. Ƙaho da tsaga a wurin wanzami su ma yanka ne, mai shan waɗannan magunguna ya nisance su.

Alamun da ba a kwana da su a gida iri biyu ne. Na zubar jini: bandeji na jiƙewa ana sauyawa yana sake jiƙewa, wurin aiki ya kumbura ya yi tauri, bayan gida baƙi kamar kwalta, fitsari ja, jiri da bugun zuciya da sauri, ko ciwon kai mai tsanani da ba a saba ba. Na daskarewa: baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta mutu, ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Duk wanda aka gani, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa da kwalin magani a hannu, da takardar sallama, a faɗa musu rana da lokacin da aka sha ƙwayar ƙarshe.